Hatsin Bakin Buhu

Zafin bana ya yi zafi. Gawon da ke bayan gidana nan Tasawa ya fara zubar da ganye, shamuwa sun iso, duk wanda ka gani idonsa na gabas. Shekaranjiya ƙanena Idi ya aiko mini da buhun iri daga ƙauye, saboda 'yar gonar da nake taɓawa tun da na ajiye alli. Ana sauke buhun na kwance bakinsa, na naɗe hannun riga, na tura hannu har kafaɗa, na damƙo hatsi daga can gindi, na watsa a baki na tauna.

Jikata Rakiya tana zaune a inuwar zaure da kayenta, littafin rubutunta na makaranta, tana bitar bak, jarrabawar nan ta ƙarshen lise, wato babbar sakandare. Ta ɗago kai ta dube ni.

"Tsoho, ba ƙanenka ya aiko ba? Shi ma ba ka yarda da shi ba?"

"Na yarda da Idi. Buhun ne ban yarda da shi ba. Me kike karantawa kike ta yamutsa fuska?"

"Filo, falsafa. Wai yaya mutum zai tabbatar da cewa abin da ya ce ya sani, ya san shi ɗin." Ta yi tsaki. "Surutu ne kawai, a haddace a zuba musu a wuce."

Na ji kamar in karɓe kayen in kwaɗa mata a ka. Surutu, in ji ta. Wannan darasin da take rainawa shi ya kusa tayar da gidanmu daga garin da aka binne cibiyar kakanninmu, kuma da hannuna. Na ce ta matso da tabarmarta.

Shekarar ita ce wadda ta biyo bayan babban farin tamanin da huɗu, zamanin soja. Ina ajin ƙarshe a lise a Maraɗi, ɗan ƙauye daga yankin Kanan Bakashe, ni ne na farko a zuriyarmu da ya taka wannan matakin. Damanar da ta wuce hatsi ya tsaya iya gwiwa ya ƙone a tsaye. Mu da ke kwana a makaranta muna samun abin taɓawa sau biyu a yini, amma kowa ya san abin da ya baro a gida.

Malaminmu na filo wani siriri ne, kullum cikin riga mai gajeren hannu da ta sha guga, muna ce masa Mushe Hujja, wato Malam Hujja. Ranar da ya fara shiga ajinmu ni ya nuna da alli.

"Kai, wace shekara aka haife ka?"

Na faɗa masa.

"Yaya ka sani? Kana nan kana duba kalanda?"

Aji ya fashe da dariya. Na ce a takardata aka rubuta. Ya ce wa ya rubuta. Sai na tuna ranar da aka zo ɗibar yara lakwal, makarantar boko, a garinmu, aka jera mu, wani mai hular kaki ya sa kowa ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunnen ɗaya gefen. Wanda ya taɓo, shekararsa bakwai, an gama. Da na ba da wannan labari Mushe Hujja ya tafa hannu don daɗi, ya ce, "To ka ji. Shekarunka kunnenka ne ya faɗe su."

Daga ranar na kamu. Ban taɓa jin abin da ya shige ni kamar darasin nan ba. Ya rubuta mana a tablo, baƙin allon aji, hanyoyin da mutum ke bi har ya ce ya sani: an gaya mini, na gani da idona, na auna da hankali, na gwada. Sannan ya riƙa ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya yana nuna mana inda kowace ke yoyo. Mai gaya maka yana iya yin ƙarya ko mantuwa. Ido yana ganin ruwa kwance bisa kwalta da tsakar rana, ka isa wurin babu ko ɗigo. Ko gwajin ma, ya ce, wanda ya gwada kaɗan ya yi hankali kafin ya yanke hukunci a kan duka. Wannan jimlar na rubuta ta, na ja mata layi da jan bik, wato biro, na haddace ta har ina iya faɗarta cikin barci. Ki riƙe wannan, Rakiya, za mu dawo kansa.

Na zama annoba a makaranta. Mai dafa abinci ya ce wake ya nuna, in ce yaya ya sani. Aboki ya ce yarinya na son sa, in ce ina hujja. Har sai da Mushe Hujja ya kira ni gefe, ya rage murya.

"Lawali, tambayar nan ta cikin aji ce. In ka isa shingen jandarma suka ce takardarka ba ta yi ba, kada ka ce musu yaya suka sani."

Da ya rage 'yan makonni jarrabawa aka sallame mu mu je gida bita. Na hau bayan kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Mayahi, daga nan na sa ƙafa. Rairayi yana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Da na shiga gari sai na riƙa ganin gidaje an toshe ƙofarsu da ƙaya, masu su sun yi kudu. Babu kukan jaki, babu ƙarar turmi. Rashin ƙarar turmin nan ya fi komai tayar mini da hankali.

A gidanmu yini yana tafiya ne kamar haka. Da asuba Inna da ƙannena mata su tafi rijiya, wadda ruwanta ya yi nisa har sai an ƙara igiya. In sun dawo a sauya ruwan dilo, 'ya'yan anza ke nan da ake jiƙawa kwana da kwanaki kafin ɗacinsu ya fita. Da hantsi a dafa ganyen jiga, a barbaɗa masa ɗan gishiri. Da yamma, in kamiyon soja ya zo a makon an samu jar dawar taimako, a dama kunu tsararo kowa ya sha ludayi biyu. Cikina da ya saba da waken makaranta ya riƙa kuka a gaban mutane har ina jin kunya.

Abu biyu na lura da su tun ranar farko. Na ɗaya, tukwanen Inna da ƙorenta na jere an haɗa su a kusurwar ɗaki an ɗaure da igiya. Na biyu, wani ƙaramin buhu yana rataye a azarar ɗakin Baba, an ɗinke bakinsa da zaren kaba. Gwaggo Delu, yayar Baba, wadda ke zaune tare da mu tun rasuwar mijinta, ita ta warware mini. Ni ɗan fari ne, Baba da Inna ba sa kama sunana, ba sa doguwar magana da ni. Gwaggo kuwa babu abin da ba ta faɗa mini.

"Tunkiyarmu ta ƙarshe ce ka gani rataye can," in ji ta. "Ubanka ya kai ta kasuwar Kanan Bakashe ya musanyo iri. Ya ce in wanga ya fito mun zauna. In bai fito ba, mu ma mu sa ƙaya a ƙofa. Uwarka ba ta jira ba, ta riga ta ɗaure kaya."

Da la'asar na samu Baba yana gyara ƙotar sungumi. Na durƙusa na gaishe shi, sannan bakina ya kasa haƙuri.

"Baba, irin nan, mai kyau ne?"

"Mai kyau ne."

"Yaya aka yi ka sani?"

Ya ajiye sungumin a hankali. A gidanmu ba a yi wa uba irin wannan tambaya. Na ga jijiyar wuyansa ta motsa, amma ya daure.

"Wanda ya ba ni shi sahu guda muke sallar Juma'a tun kana goye. Ya rantse mini."

"Ka sa hannu ciki?"

"Mutum ya rantse maka da Allah gaban jama'a, ka tura hannu buhunsa? Kai ɗan lakwal, mi suke koya muku can?"

Na ce a raina, an gaya mini ke nan, hanya ta farko, mai yawan yoyo. Shekara guda ina ta jifa da tambayar nan a kan wake da 'yan mata, yau ga inda za ta yi aiki.

A al'adar gidanmu, kafin shuka Gwaggo ce ke zazzage iri kaf bisa tabarma. Ta baza shi, ta sheƙe, ta shinshina, ta tauna daga nan ta tauna daga can, sannan ta ce a shuka ko a dafa. Tun da aka kawo buhun take neman a ba ta, Baba yana hanawa. Ya ce sai hadari ya haɗu, domin hatsi a baje a gidan da yara ke kwana da yunwa ba ya kai gobe. Da gaskiyarsa. Ni kuma na zo da tawa dabarar. Na ce ba sai an zazzage ba, a warware mini ɗinki biyu kawai in ɗebi ƙwaya ashirin. Kwana biyu ina magiya kafin ya yarda. Ya sauke buhun da kansa, ya warware ɗinki biyu, na sa yatsu na tsamo, ya mayar ya ɗinke.

Na samo wani fasasshen kasko, na cika shi da rairayi, na jera ƙwayoyin layi-layi, na ajiye a gindin randa inda sanyi yake. Ruwan da nake yayyafa masa daga rabona na sha nake ragewa. Na buɗe sabon shafi a kaye, na ja layuka da rula, na rubuta rana ta ɗaya, rana ta biyu. Bitar jarrabawa kuwa na manta da ita. Kowane ɗan lokaci ina tsugune gaban randa, har Inna ta ce wa Gwaggo, "Ki ce wa yaron nan ya bar ni in ɗebi ruwa."

Rana ta uku da safe na ga wasu fararen tsinke sun huda rairayi. Rana ta huɗu na ƙirga, goma sha tara sun tsiro, kore shar. Wata nawa ba a ga kore a garin nan ba. Na ɗauki kaskon da hannu biyu na fito tsakar gida ina kiran Baba. Kafin hantsi rabin mutanen da suka rage a unguwa sun zo kallo. Har da Bulus, maƙwabcinmu Kirista wanda gonarsa ke iyaka da tamu, shi da ya ɓoye nasa irin a tulu ya binne tun bara. Ya tsuguna ya shafa tsiron da ɗan yatsa, ya ce, "Kai, Lawali, ka kawo mana damana cikin kasko."

Kaina ya kumbura. Na tsaya na yi musu lacca a kan bambancin ji da gani da gwaji, ina tsoma Faransanci inda Hausa ta isa. Gwaggo ta bari na gama.

"Ina ka ɗebo shi?"

"A buhu mana, Gwaggo."

"Buhu shina da baki, shina da ciki, shina da gindi."

"Buhu ɗaya ne, hatsi ɗaya ne. Goma sha tara cikin ashirin. Wannan ba taunawa ba ce, Gwaggo, ilimi ne."

Aka yi dariya, ita ma ta murmusa. Baba bai yi dariya ba, amma na ga fuskarsa ta saki, karo na farko tun zuwana. Ya dubi mutane ya ce, "Ɗan lakwal ya gwada. Ba sai an zazzage ba, Delu, a bar shi a ɗinke har ranar." Daɗin da na ji a lokacin ban san da me zan kwatanta shi ba. Ubana ya ɗauki maganata bisa ta yayarsa, a gaban jama'a.

Bayan kwana shida, da la'asar, iska ta tsaya cik. Gabas ta yi ja, sannan ta yi baƙi. Guguwa ta taso da rairayi har ba ka ganin dangar gidanku, awakin da suka rage a gari suka riƙa kuka. Sai ɗigo na farko ya faɗo bisa ƙwarya, mai nauyi. Ƙanshin ƙasar nan ya tashi. Muka fito duka muka tsaya cikinsa, Inna tana tara tukwanen da ba ta ɗaure ba, Gwaggo tana buɗe baki sama kamar yarinya. An daɗe ana yi.

Da gari ya waye Baba ya je gona ya tona da hannu. Laima ta wuce wuyan hannunsa, ta kusa gwiwar hannu. Ya miƙe ya ce, "Bisimilla." Muka fara daga gabas, wajen gawon da ke iyakarmu da Bulus. Baba yana gaba da sungumi, taku ɗaya sara ɗaya, mu muna biye da 'yan ƙore, a tsinci hatsi da yatsu uku a jefa a rami, a rufe da diddige. Duk faɗin dajin mutane ne, kowa na kiran na kusa da shi yana barka da ruwa. Ƙafafuna suna nutsewa cikin rairayi mai sanyi, cikina babu komai sai kunun jiya, amma ji nake zan iya shuke har Mayahi.

Da rana ta take aka koma buhu aka sake cika ƙore karo na uku. Inna ta kai hannunta hanci, ta tsaya. Ba ta dube ni ba, Baba ta yi wa magana.

"Malam, hatsin ga shina da wani wari. Kamar na rumbun da ya sha ruwa."

Gwaggo tana gida tana dafa ganye. Baba ya juyo ya dube ni. Ni kuwa ko shinshinawa ban yi ba.

"Warin buhu ne, Inna. An gwada shi. A yi sauri kada laima ta gudu."

Aka ci gaba. Kwana biyu muka gama gonar kaf, aka kakkaɓe buhu. Rana ta uku na ɗauki kayena na kama hanyar Maraɗi.

Ranar filo, da aka buɗe ambulan aka karanto tambaya, saura kaɗan in yi tsalle bisa teburi. Wai shin abin da mutum ya gwada ya gani ya isa ya zama hujja? Sa'a huɗu aka ba mu, ban ɗaga kai ba. Na kawo maganganun masana da muka haddace, na kawo na Mushe Hujja, har jimlar nan mai jan layi na rubuta ta tsaf a shafi na biyu. Sannan a shafi na uku na kawo kaskona. Na ba da labarin manomi da ya dogara da rantsuwa, da tsohuwa da ta dogara da haƙori, da ɗalibi da ya zo da gwaji ya raba gardama. Da aka karanto sunayen waɗanda suka ci, nawa na ciki, kuma a filo na fi samun maki. Mushe Hujja ya kama hannuna ya girgiza har kafaɗata ta yi ciwo.

A bayan kamiyo, hanyar dawowa, waƙa muke yi. An ƙara ruwa sau biyu bayan tafiyata. Dama da hagu gonaki sun yi layi-layi kore, mutane sun duƙa suna noman farko. Da na sauka ban bi ta gari ba, na yanke ta daji don in fara ganin gonarmu, takardar sakamako a aljihun gaba inda kowa zai hango ta.

Daga nesa na hango gawo, na hango kore a gindinsa, na ƙara sauri. Da na matso sai na ja na tsaya. Daga iyakar Bulus zuwa kamar taku arba'in hatsi ya tashi, ya kai tsawon tafin hannu, gwanin kyau. Daga nan kuma sai rairayi. Layukan diddigenmu suna nan ana ganinsu har ƙarshen gona, rami bayan rami, babu komai sai tsiro ɗaya can, ɗaya can. Gonar ta fito da buhun yadda yake, baki daban, sauran daban.

Baba yana zaune gindin gawo. Na durƙusa. Ya amsa gaisuwa kamar kullum, ya tambayi hanya. Sannan ya dubi aljihuna.

"An ci?"

"An ci, Baba."

"Madalla."

Ya mayar da idonsa kan gonar. Da ya zage ni ko ya ɗauki ƙotar sungumi ya bi ni da ita, da na fi jin sauƙi.

A gida Gwaggo ta ja ni gindin randa. Kaskona yana nan, ga kuma wani kusa da shi. Ranar da aka kakkaɓe buhu ta tsince ƙwayoyin da suka maƙale a ɗinkin gindi ta shuka su. Rairayin ya yi funfuna, babu tsiro ko ɗaya. Tsohon hatsi ne da ya jiƙe ya yi zafi a rumbu, aka shanya shi aka cika buhu, aka zuba mai kyau a sama.

"Kaskonka bai yi ƙarya ba, Lawali," in ji ta. "Bakin buhu ka tambaya, bakin buhu ya ba ka amsa."

Na zauna a ƙasa na yi kuka, da takardar bak a aljihuna. Abin da ya fi ci mini rai, na san wannan. Na ja masa jan layi, na rubuta shi a jarrabawa an ba ni maki. A kusurwar ɗaki na ga Inna ta ƙara tabarmi bisa kayan da ta ɗaure. Iri babu shi ko'ina, abin musanya ma babu, lokacin sake shuka yana wucewa. Baba ya ce bayan Juma'ar mako mai zuwa za mu tashi.

Washegari da safe Bulus ya yi sallama. Ya zauna da Baba a zaure, ni ina rakuɓe daga waje ina ji.

"Malam, nawa ya fito da yawa, kowane rami cunkus. Ragewa zan yi in bar uku-uku. Wanda zan cire, da in zubar wa awaki, mi zai hana mu dasa shi wajenka?"

"Gero ba ya son dashe, Bulus. Ba maiwa ba ce."

"Ba ya so. Amma na ga ubana ya yi, shekarar da fara ta cinye mana rabin gona. In an cire an dasa cikin ruwa, ranar da babu rana, wani ya kan kama. Sai dai a jira ruwa."

Muka jira. Kwana huɗu sama tana fari fat, ni ina fita ina dawowa kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Ranar Lahadi da sassafe aka tashi da yayyafi mai laushi, gari ya lumshe, babu iska. Bulus da mutanensa suka yi addu'arsu a 'yar majami'arsu ta kara, suka taƙaita, suka fito su tara har da mata. Kafin mu isa gona labari ya zaga. Liman ya aiko 'ya'yansa da dami biyu na tsiro daga tasa gonar, wasu ma suka kawo.

Ban taɓa ganin aiki irin na ranar ba. Wasu suna cira a gonar Bulus da ƙasar saiwar a jiki, mata suna jigila a ƙore bisa kai, Gwaggo tana zaune a iyaka tana tsinke kan ganyen don kada ya sha wahala. Mu kuma muna bin tsofaffin layukan, a soka sanda, a sa tsiro biyu, a danne da diddige. Ruwa yana bin bayana yana shiga wando, yatsuna sun yi fari sun yamutse, matar Bulus tana ba da waƙa ana amsawa. Duk wanda ya wuce ni sai ya tsokane ni. "Ɗan lakwal, wannan ramin ka gwada shi?" Ina dariya ina dasawa, kunya da murna sun haɗu sun cika mini ƙirji.

Da la'asar muka kai ƙarshen gona. Kowa ya miƙe yana dafa ƙugu. Tsiron duk sun kwanta bisa rairayi kamar an yi musu duka. Baba ya dube su, ya daɗe, sannan ya juyo gare ni a gaban mutanen nan duka.

"Ɗan lakwal, zai kama?"

Na san abin da yake so ya ji, ni ma shi nake so in faɗa.

"Ban sani ba, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To. In lokacin sani ya yi, kai za ka zo ka gaya mini."

Juma'ar tashinmu ta rage kwana biyar. Kwana uku tsiron suna kwance, ganyen waje ya bushe. Rana ta huɗu aka ɗan ƙara ruwa. Ranar Juma'a da asuba na tafi gona ni kaɗai. A layin farko na tsuguna, na ga wani sabon ganye siriri ya leƙo daga tsakiyar tsiron, a miƙe. Zuciyata ta ce in ruga gida. Ban ruga ba. Na bi layin har ƙarshe, na juyo ta na biyu, na bi na uku. Na bi gonar nan rami bayan rami, gabas da tsakiya da yamma, ina duƙawa ina dubawa, har rana ta take, har aka tafi masallaci aka dawo ban sani ba. Wajen tudu da yawa sun mutu. Wajen kwari kusan duka sun tashi.

Na iske su a tsakar gida, Baba da rigar Juma'arsa, Gwaggo, da Inna zaune kusa da kayanta.

"Baba, fiye da rabi ya kama. Tudu ya ƙi, kwari ya yi."

Gwaggo ta ce, "Ina ka duba?"

"Duka, Gwaggo. Kowane rami."

Inna ta tashi ta shiga ɗaki. Muka ji tana fama da ƙullin igiya, ya ƙi kwantuwa don ya daɗe a ɗaure. Sai ta ɗaga murya, ita da ban taɓa jin sunana a bakinta ba.

"Lawali, kawo mini wuƙa."

Hatsin da muka girbe a shekarar bai cika rumbu ba, amma ya kai mu wata damanar. Daga cikinsa Gwaggo ta zaɓi zangarniyar iri, kuma jikokinsa ne ke cikin buhun da Idi ya aiko. A gidanmu har yau ɗan Bulus muke ce wa irin nan.

Da na gama, Rakiya ta ajiye kayenta. Ta tashi ta shiga cikin gida, na ji tana kwaramniya a bayan madafa. Ta dawo da fasassun kasake uku ta jera su gabana, ta naɗe hannun rigarta.

"Matsa, Tsoho," in ji ta. "Hannunka bai kai gindin sosai ba, ina kallonka."